Tarihin Sayen Gida Da Riƙonsa A Birnin Kano

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kano ya san irin faɗuwar gaban da ke samun mutum in shekara ta kewayo, ya ji sallamar mai gida a ƙofa. Wanda kuma ya gaji gidan ƙasa a cikin birni ya san yadda barci ke ƙaurace wa ido a daren watan Agusta, sa'ad da ruwa ya kwana yana zuba, shi kuwa yana kwance ya kasa kunne ga katanga. Mutanen nan biyu kowannensu gani ya ke ɗan'uwansa ya fi shi jin daɗi. Na farko yana cewa, "Allah ya ba ni nawa, ko da ɗaki ɗaya ne." Na biyu kuwa yana cewa, "Ai samun gida da sauƙi, riƙonsa shi ne aiki." To, tun da ya ke maganar nan ta dami babba da yaro, bari mu koma baya mu duba yadda mutanen da su ke samun gida a birnin nan, da yadda su ke riƙe shi, da abin da ya sake har muka iso inda mu ke a yau.

Birni Mai Yalwar Fili

Bisa ga abin da masu tarihi suka rubuta, Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar Kano. Sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa, wanda ya yi zamani daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuwa ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Da ganuwa ta kai iyakar girmanta, kewayenta ya fi mil 11.

Amma kada mai karatu ya zaci cikin ganuwar nan duk gidaje ne. Wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya sauka a unguwar Dala. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, ya ce da rani, in fatake sun cika gari, su kan kai 60,000. Ya tarar mafi yawan abin da ganuwa ta kewaye gonaki ne da makiyaya da kududdufai, gidaje sun taru a wajen kudu da gabas, daga gindin Dala zuwa fada. Da gangan magabata suka yi haka, don in abokan gaba sun kewaye gari a sami wurin noma da kiwo a ciki, kada yunwa ta buɗe ƙofar da yaƙi ya kasa buɗewa.

Saboda haka a zamanin nan fili bai zama abin wahala ba. Abin da sarki ke nema mutane ne, gama mutane su ne arzikin gari. In baƙi suka zo da sana'a ko da fatauci ko da ilmi, sai a nuna musu wuri su zauna, su da 'yan'uwansu. Sunayen unguwanni su ne shaida har gobe. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, ga Sharifai inda zuriyar Shaihu Magili ta zauna tun zamanin Rumfa. Kowace unguwa in ka tono asalinta, sai ka iske wani baƙo ne aka ce masa, "Bismilla, ga wuri."

Ƙasa Ta Sarki, Gini Na Mai Shi

A al'adar birni, ƙasa amana ce a hannun sarki, shi ke riƙe da ita saboda jama'a. Mai son wurin gini ya kan je wurin mai unguwa da ɗan goronsa, mai unguwa ya kai maganar gaba, in an yarda a auna masa. Daga ran da ya ta da katanga, wurin ya zama nasa da 'ya'yansa, ba mai tashinsa sai da dalili mai ƙarfi. In kuwa ya tashi ya bar gida ya zama kango, shekaru suka wuce ba mai nema, sai wurin ya koma hannun sarki, a ba wani mai bukata. Bayan jihadi, malamai sun yi rubutu a kan wannan, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita.

To, ina sayen gida ya shigo? Ya shigo ta wajen gini. Mutum bai iya sayar da ƙasa, amma ɗakunan da ya gina da guminsa, da azarar da ya saya, da rijiyar da ya haƙa, duk dukiyarsa ce, yana iya sayarwa ko ya bayar kyauta ko ya jinginar. Ciniki kuwa ba a yinsa a ɓoye. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a kira mai unguwa da dattawan maƙwabta, a zaga gida a nuna iyaka, a ce, "Daga katangar nan zuwa gindin dabinon can." A ƙirga kuɗi, a ce albarka, dillali ya karɓi la'adarsa, a raba goro, a shafa fatiha. Yawanci ba takarda, shaidu su ne takarda. Kuɗin kuwa wuri ne. Barth ya ce a lokacinsa wuri 2,500 su ne riyal ɗaya, ya ce kuma da wuri 50,000 ko 60,000 magidanci zai ci da iyalinsa, ya tufatar da su, shekara guda. Sai mai karatu ya auna irin buhunan wurin da a ke ɗauka a ƙirga kafin a biya kuɗin gida mai soraye.

Shari'a kuma ta sa wani shinge da a ke kira shufu'a. In mutum biyu ko uku suna tarayya a gida ɗaya wanda ba a raba ba, ɗaya ya sayar wa bare da kasonsa, abokin tarayyarsa yana da iko ya mayar wa baren kuɗinsa ya karɓi kason. A mazhabar Maliki wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, bai kai ga maƙwabci ba. Duk da haka ladabin gari ya sa mutum ba ya kai gidansa kasuwa sai ya fara yi wa na kusa da shi tayi, gama maƙwabci shi zai zauna da wanda ka kawo masa.

Gidajen sarauta kuwa hukuncinsu dabam. Su suna bin rawani ne. Ran da aka tuɓe mutum ko ya rasu, wanda aka naɗa shi ke shiga. Haka kuma in zamani ya juya, gida na cikin abin da ya kan fara sake hannu. Ya faru bayan da jama'ar Shehu suka ci Kano a 1807, ya kuma faru a lokacin Basasa, wadda aka fara a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, inda mutane da yawa suka fita suka bar gidajensu, wasu suka komo suka same su, wasu har abada.

Ga attajiri, gida ya wuce wurin kwana, jari ne. Fatoma ya kan gina zauruka da ɗakunan baƙi da wurin ajiye kaya da turken dabbobi. Fataken goro daga Gwanja da masu raƙuma daga Azbin su sauka wurinsa, ya ci da su, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya sami la'ada. Ba ya karɓar kuɗin kwana. Yawan baƙinsa shi ne yawan arzikinsa, kyan zaurensa kuwa shi ne tallarsa.

Yadda A Ke Gini Da Yadda A Ke Riƙo

Gini aikin rani ne. In an gama kaka, sai a haƙo ƙasa a kusa, a jiƙa ta, a cuɗa da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini ya hau katanga, yara suna jefa masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Katanga ta kan yi kauri a ƙasa, ta riƙa sirancewa tana hawa. Ramukan da aka ɗebi ƙasar nan su ne kududdufan birni. Watau kowane kududdufi da ka gani, gidajen da ke kewaye da shi daga cikinsa suka fito, shi ne kuma ke karɓar ruwan da ya gangaro daga kansu da damina.

Tsadar gida tana ga azara. Daga giginya a ke fasa ta, an kuwa zaɓe ta don gara ba ta cinta da sauƙi. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. Don haka talaka ɗakinsa ƙarami ne, ko kuwa ya yi jinka. Mai hali shi ke kiran gwanin magini ya ɗaure masa bakan gizo, a jera azara a cikin ƙasa tana goyon juna har ta haɗu a tsakiya, a sami soro mai faɗi mai tulluwa. Ko soro ya rushe ba a barin azararsa, sai an tsince ta an sake aiki da ita. Sana'ar nan gado ce, tana da shugabanta, watau Sarkin Magina.

In ka shiga irin gidan nan, zaure ka ke fara tararwa, inda mai gida ke karɓar baƙi, malami ya karantar, maɗinki ya yi aikinsa. Daga nan sai ƙofar gida inda samari ke kwana, sai shigifa wadda baƙo namiji ba ya wucewa, sa'an nan cikin gida, ga turaka, ga ɗakunan mata, ga madafa da rijiya da makewayi. Gidan kuwa girma ya ke yi tare da masu shi. Ɗa ya isa aure a yanka masa sashe, tsohuwa ta rasu ɗakinta ya zama na kaya, in ya rushe ƙasarsa ta koma ginin wani.

Amma gidan ƙasa kamar doki ya ke, kullum yana son hannu. Kano ta kan sami ruwan sama sama da inci 30 a shekara, mafi yawansa cikin wata uku ko huɗu, hadari kuwa daga gabas ya ke tasowa, don haka katangar gabas ita ta fi shan duka. Da bazara ta yi, duk magidancin kirki sai ya hau kan soro da kansa. Ya cire ciyawar da ta tsiro, ya toshe tsaga, ya share bakin indararo, ya duba rawanin katanga da zankwaye, gama su ruwa ke fara ci. Sa'an nan a kira masu yaɓe. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi yaɓen ƙasa zalla, ya san baɗi ma sai ya sake. Wanda ya fi shi ya sa makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke sa yaɓe ya yi ƙarfi ya yi duhu-duhu. Mai wadata kuwa ya yi laso. Laso haɗi ne na katsi, watau abin da ke kwantawa a gindin karofi a marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. In an shafe soro da shi, ruwa zamewa ya ke yi, a ɗauki 'yan shekaru ba a sake ba. Dubi yadda sana'o'in birni ke riƙe da juna: abin da marini da majemi suka zubar, shi magini ke nema ido rufe. Daɓe kuwa aikin mata ne, su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, su yayyafa makuba har ƙasa ta yi sulɓi.

Daga nan ne Bahaushe ya sami karin maganarsa, da sabon gini gara yaɓe. Wanda ya ƙi kashe kaɗan da bazara, zai kashe mai yawa da kaka, in ma Allah ya sa katanga ba ta faɗa wa kowa ba.

Zuwan Turawa

A watan Fabrairu na 1903 sojan Ingila suka shiga Kano, aka naɗa Sarki Abbas. Da farko Turawa sun yi ofis a Gidan Makama, daga baya suka koma Nasarawa da Bompai a bayan ganuwa. A 1908 aka kafa kwamiti a London don duba maganar ƙasa a Jihar Arewa, a 1910 aka yi doka wadda ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita saboda amfanin 'yan ƙasa. Baƙo, ko Bature ne ko Kwara ko mutumin Kudu, ba shi da ikon sayen ƙasa, sai dai a ba shi izinin zama na wasu shekaru yana biyan haya. Cikin birni kuwa aka bar shi a hannun sarki da alƙalai kamar da, ba a kuma yarda wanda ba Musulmi ba ya zauna a ciki.

Abin da ya fi doka sake al'amura shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa, nan da nan cinikin gyaɗa ya tashi. Kamfanoni suka kafa kantuna kusa da tasha, Kwarori suka zauna a gefen Fagge, aka yanka Sabon Gari a 1913 saboda akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo. A Sabon Gari ne Kanawa suka ga abubuwa uku da ba su saba da su ba. Na ɗaya fuloti mai kusurwa huɗu a bakin titi miƙaƙƙe, mai lamba da takarda. Na biyu rufin kwano. Na uku gida wanda aka gina shi tun daga tushe don haya, ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa, kuɗi wata-wata. A birni da, baƙo sauka ya ke yi, ba a ce masa kawo. To, ga shi an ga ɗaki ma yana haihuwar kuɗi kamar akuya.

Kuɗin gyaɗa kuma ya shiga birni. Attajirai irin su Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka bunƙasa, gidajen bene suka yawaita, aka riƙa yi wa fuskar zaure zane da ado, daga baya har da siminti da fenti. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 1931, aka buɗe aikin ruwan famfo daga kogin Calawa da na wutar lantarki, da kuɗin baitulmalin En'e. Tun daga ran nan darajar gida ta soma bin kusancinsa da famfo da titin mota, ba kusancinsa da fada da kasuwa kaɗai ba.

Gado Da Haƙƙin Mata

Mafi yawan gidajen birni ba da ciniki su ke sake hannu ba, da mutuwa ne. Shari'a ta yanka wa kowa rabonsa: matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Kuɗi da tufafi da dabbobi suna rabuwa da sauƙi, amma yaya za a raba zaure ɗaya da rijiya ɗaya tsakanin mutum goma sha biyu? Hanya uku ce. Ko a zauna tare ba a raba ba, ko a ja katanga a tsakar gida kowa ya fasa ƙofarsa, ko a yi wa gida kuɗi, mai ƙarfi a cikin magada ya biya sauran. Hanya ta biyu ita ta haifi yawancin lungunan nan na birni waɗanda mutum biyu ba sa iya gilmawa a ciki sai ɗaya ya raɓe.

A nan akwai wani abu da ya kamata a tuna da shi. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona. Hujjar da aka bayar ita ce, mace in ta mallaki gidan kanta za ta ƙi zaman aure, 'yan'uwanta maza kuwa su ne wajibi ya hau kansu su riƙe ta. Aka zauna a haka shekara 31, har Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin a 1954, ya mayar wa mata haƙƙinsu yadda Shari'a ta tsara. Dalilin sokewar kuwa abin lura ne, gama an ga 'yan'uwan da aka dogara da su da yawa ba su riƙe amanar ba, mata suka rasa gidan uba suka rasa mai ci da su. Da aka buɗe ƙofa, sai ƙararraki suka yi ta zuwa gaban alƙalai, tsofaffin mata suna neman kason da aka hana su tun suna 'yan mata. Wannan ya isa wa'azi ga duk wanda yau ya ke zaune a kan rabon ƙanwarsa yana cewa ai mace ba ta da abin yi da gida.

Zamanin Siminti Da Takarda

A ƙidayar 1952 mutanen Kano da kewayenta ba su wuce kamar 130,000 ba. A ta 1963 sun kusa 300,000. A 1967 Kano ta zama hedkwatar jiha, Audu Bako ya zama gwamna, ma'aikata suka cika gari. Kuɗin man fetur ya biyo baya, fari na shekarun 1972 zuwa 1974 kuma ya koro mutanen karkara. Da aka yi ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano suna da mutum wajen miliyan 2 da dubu 800. Gonakin cikin ganuwa suka ƙare, gari ya tsallake ta ya nufi Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Hotoro. Fili, wanda da a ke roƙon baƙo ya karɓa, ya zama shi ne tsadar gida, ginin da ke kansa kuwa wani lokaci mai saye rushe shi ya ke yi. Al'amari ya juye sarai.

Ran 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ke aiki har yanzu. Ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta bisa amana. Abin da mutum ke samu a birni shi ne izinin zama, yawanci na shekara 99, da takardar shaida, ba ya kuma halatta ya sayar ko ya jinginar sai da yardar gwamna. Mai karatu zai lura wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Abin da ke hannun sarki ne ya koma hannun Gwamnan Turawa a 1910, ya koma hannun gwamnan jiha a 1978. Bambancin shi ne, da goro da shaidar dattawa sun wadatar, yanzu kuwa sai safiyo da fayil da sa hannu da jira.

Da ya ke filayen da hukuma ke yankawa ba su isa ba, sai masu gonaki a bakin gari suka shiga yanka gonakinsu da kansu suna sayarwa. Shi ne a ke kira awon igiya. Yana da araha, talaka yana iya saye ya gina sannu-sannu, bana tushe, baɗi ɗaki ɗaya, ya tare, sauran sai yadda hali ya yi. Da adashi da kuɗin sallama daga aiki da sayar da gonar gado aka gina yawancin sababbin unguwannin Kano. Bashin banki kaɗan ne ya gina, ko da ya ke an kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, inda a ke cire kashi 2 da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci. Mutane da yawa suna gudun riba saboda addini, wasu kuma ba su da takardar da banki zai karɓa. Gwamnatoci sun gina rukunin gidaje, irin su Kundila da gidajen Shagari, da Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a bayansu, amma duk ɗigo ne a cikin tulu.

Aibin awon igiya kuwa, mai gona ba ya son ya yi asarar taki ɗaya. Sai a bar hanya ƙanƙanuwa, ba lambatu, ba filin makaranta, ba maƙabarta. Wani lokaci a sayar wa mutum biyu fili ɗaya, wani lokaci a sayar da hanyar ruwa. A cikin birni ma an cike kududdufai da shara an yi gini a kansu, aka ci ganuwa aka ɗebe ƙasarta. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A watan Agusta na 1988 an yi ruwan da ya rushe gidaje masu yawa a Kano, har madatsar Bagauda ta ɓalle, tun daga nan kuwa da wuya damina ta wuce ba a ji ambaliya ta shiga wata unguwa ba.

Riƙon gida ma ya sake kama. Mutane sun guji ƙasa don su huta da yaɓe, suka koma bulo da kwano. An huta da yaɓen, amma ɗakin ƙasa mai kaurin katanga yana da sanyi da bazara da ɗumi da hunturu, ɗakin kwano kuwa sai da fanka, fanka sai da wuta, wuta sai an sayi inji ko sola. Kwano yana tsatsa, iskar farkon damina tana yaye shi, gara tana cin katakon da ya maye gurbin azara. Inda famfo bai kai ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Waɗanda suka rage a gidan ƙasa kuma sun shiga tsaka mai wuya, gama marina sun ragu ƙwarai, laso ya yi wuyar samu, gwanayen magina suna ƙarewa. Sai a shafa wa katangar ƙasa siminti, alhali kuwa su biyu ba sa kama juna. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, katanga tana ruɓewa a ciki fuskarta tana ƙyalli, har ran da za ta zube gaba ɗaya.

Abin Da Tarihin Nan Ke Koya Mana

To, jama'a, mai niyyar sayen gida ya ɗauki dabarar magabata ya haɗa da ta zamani. Su sun dogara ga shaidu, mu an ɗora mana takarda, mai hankali sai ya nemi duka biyu. Ya je wurin mai unguwa da maƙwabta ya tambayi asalin gidan. In na gado ne, ya tabbata an raba, kowane magaji ya yarda, mace da namiji, na gida da na tafiya. Ya kai takarda ofishin ƙasa a duba ko ta gaskiya ce, ko kuwa an jinginar da ita. In da hali ya je ya ga gidan da damina, gama da rani kowane gida lafiyayye ne. Kada araha ta ruɗe shi, sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wanda kuma Allah ya riga ya ba shi, ya tuna ba a gama sayen gida ran da aka biya kuɗinsa. Ya ware wani abu kowace shekara saboda gyara, ya hau rufi kafin hadarin fari, ya yashe kwatarsa, kada ya tura wa maƙwabci ruwa. In gidan gado ne na tarayya, magada su zauna su yanka wa kowa abin da zai kawo, gama gidan da kowa ke da shi ba wanda ke yaɓe shi, yawancin kangayen birni kuwa haka suka samu. Ya kuma rubuta abin da ya mallaka da bashin da ke kansa tun yana da rai, don kada 'ya'yan da suka tashi a tsakar gida ɗaya su ƙare a gaban alƙali ba mai gai da wani.

Allah ya ba mara shi, ya sa wa mai shi albarka, ya haɗa mu da maƙwabta nagari. Amin.